Kek ɗin Ɗiyar Fari

Sauda ba ta taɓa kiran sunan ɗiyarta ta fari ba, ko sau ɗaya. Ranar suna, da aka shigo cikin gida ana faɗin sunan ana guɗa, ita tana ƙuryar ɗaki ta ja zane ta rufe fuska, kamar yadda uwarta ta yi a kanta. Ba a kiran ɗan fari, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Haka ta taso ta gani a garinsu Augie, haka ta tarar a dangin mijinta. In magana ta kama dole sai ta ce "yarinyar nan". Da aka yaye yarinyar aka ba Ummu Hani riƙo, yayar mijinta da ke aure a Argungu, wadda Allah bai ba haihuwa ba, sai abin ya zo da sauƙi. Ta koma cewa "ta Argungu".

Shekara biyar ana haka ba wanda ya ga laifi. Ita ma ba ta gani ba, sai ranar ƙaramar Sallah.

Sun je Argungu gaisuwa. Mata na zaune a inuwar rumfa ana cin shinkafa, yarinyar na ta kai da kawo cikin sabuwar atamfa, hannu ya sha lalle. Sauda ta ce mata, "Ke, miƙo min ruwa."

Ta kawo. Amma ba ta tafi ba. Ta tsaya tana kallon Sauda tun daga ɗankwali har ƙafa, sannan ta juya ga Ummu Hani.

"Inna, wai yara sun ce wagga ita tah haihe ni."

"Gaskiya sunka gaya miki."

"Ƙarya ne. In ita ce, don mi ba ta san sunana ba? Kullum ke, ke."

Matan suka fashe da dariya, har wata ta ƙware da shinkafa ana bubbuga mata baya. Sauda ma ta yi dariya. Ta kai moɗar baki, ta ajiye ba ta sha ba.

Kwana goma bayan nan mijinta Sunusi ya dawo da labari. Sana'arsa ɗauko ɗanyen kifi daga Argungu a kan babur ya kawo Birnin Kebbi, don haka duk abin da ya faru a gidan yayarsa shi ke fara ji. Ya ce mijin Ummu Hani, Muhammad Sani mai fataucin albasa, ya samu rumfa a Fatakwal, zai kwashe iyalinsa gaba ɗaya. Ranar Asabar ta sama za su tashi.

"Har da ta Argungu?"

"To da wa za a bar ta?"

Da ya fita Sauda ta buɗe akwatinta, ta ɗaga zannuwa, ta ciro katin asibitin da aka ba ta ranar haihuwa. Ba sai ta duba ba, ta san abin da ke ciki. Juma'ar da za ta zo kafin wannan Asabar yarinyar za ta cika shekara bakwai. A duk dangin ba wanda ya riƙe ranar sai ita.

Gidan hayar da suke a unguwar Nasarawa ɗaki shida ne, kuma a na ƙarshe akwai Judith, matar Cornelius mai gyaran wuta, mutanen Filato. Judith kek take yi na biki da na ranar haihuwa. Sau da yawa Sauda na wanke-wanke za ta ga an fito da shi a kwali, fari fes, santsi kamar tangaran, da sunan yaro a sama da manyan haruffa masu launi. Da can ba ta ɗauki abin komai ba, al'adar wasu ce. Yanzu sai ta kasa daina tunaninsa. An hana ta faɗin sunan da baki, amma ba ta taɓa jin an hana kowa rubutawa ba.

Ran Litinin da hantsi ta goya ɗanta Nasrullahi ta je ta yi sallama a ƙofar Judith.

"Maman Nasuru! Yau hanya ta ɓata? Shigo."

"Maman Shekinah, kek nike so."

"A'a! Ashe za mu ci daɗi. Nasuru zai cika nawa?"

"Ba nashi ba ne. Na yayarshi ne."

Judith ta ajiye cokalin hannunta. "Yana da yaya? Shekara uku muna gida ɗaya ban taɓa ji ba."

"Tana Argungu."

"Ikon Allah. To ki bar mini, zan yi mata mai kyau."

"A'a. Ni za ni yi. Ke dai ki nuna min."

Judith ta dube ta, ta dubi hannuwanta masu kantar taɓarya, ta yi dariya. "Kin taɓa gasa kek?"

"Na iya masa."

"Masa! To Allah ya taimake mu."

Gashin bai ba su wahala ba. Wuta ba ta zama, don haka Judith ta nuna mata yadda ake zuba yashi a babbar tukunya, a ɗora a kan gawayi, a sa gwangwanin a ciki a rufe. Sauda ta san wuta, ta san lokacin da ake rage ta. Na farko ya ƙone ta ƙasa, na biyu ya tashi lafiya. Farin lulluɓin nan shi ne masifar. Judith ta ce sunansa fondan, garin sukari ne mai laushi ake kwaɓawa da wasu abubuwa har ya zama kamar ƙullin fulawa, a murza shi ya yi faɗi, a ɗaga a lulluɓe kek ɗin kamar ana yafa masa mayafi.

A baki kenan. A hannu kuwa, na farko ya manne wa tebur, sai da suka kankare shi da wuƙa. Na biyu ta cika masa garin masara don kada ya manne, ya bushe ya tsattsage kamar fadama a tsakiyar rani. Na uku ya murzu da kyau, ta sa hannu biyu ta ɗaga, ya rabe gida biyu ya faɗo mata a ƙafa. Lokacin bazara ne, ɗakin kwano ne ba sili, zafi na saukowa kamar ana zuba shi. Tana duƙe a kan na huɗu gumi ya ɗigo daga haɓarta ya faɗa tsakiya. Kafin ta ɗauko tsumma wurin ya lotsa, ya zama ɗan rami mai danƙo.

"Kin gani ko?" in ji Judith. "Ɗigo ɗaya. Zafi ba ya kashe shi, laushi kawai zai yi. Ruwa ne ajalinsa. Kada ki sa shi a firij, kada ki kai shi kusa da sanyi. Da ya ji sanyi ya fito zai fara zufa, ya narke. Kin ji ni?"

"Na ji."

"Ɗaure goshinki da ɗankwali. Gobe kuma ki zo da sassafe, kafin rana ta fara hauka."

Haka ta yi Talata da Laraba. Tana idar da sallar asuba sai ta tafi ɗakin Judith, ta murza ta lulluɓe wani tsohon gwangwani, ta ɓare, ta sake. Sunusi ya tambaye ta abin da take yi can kullum. Ta ce ɗan tsaraba take haɗa wa masu tafiya. Bai ƙara tambaya ba, shi ma ɗan gidan kunya ne.

Ran Laraba Judith ta zazzage wata roba a kan tebur. Ƙananan haruffa ne na yanka, sun kai talatin.

"To, wane suna za mu sa?"

Sauda ta tsura wa haruffan ido.

"Maman Nasuru, sunan yarinyar."

Ta sunkuyar da kai tana murza gefen zanenta.

"Kin manta sunan 'yarki ne?"

"Ba mu faɗi."

"Ba ku faɗin me?"

"Ta fari ce."

Judith ta taɓa jin abin, ba ta taɓa ganinsa a gabanta ba. Ta tura mata haruffan. Sauda ta yi firamare a Augie har aji biyar. Ta sa yatsa tana tonawa, tana jerawa ɗaya bayan ɗaya, inda harafi ya maimaitu ta bar gurbi ta nuna da farce. Judith na bi da ido.

"Mansura," in ji Judith. "Kai, suna mai daɗi."

Sauda ta ji kamar an kwance mata zane a kasuwa. Ta waiga ƙofa ta ga ba kowa.

Suka ɗiga jan launi a ɗan ƙulli, ta murza har ya yi ja ko'ina, yatsunta ma suka rine. Ta yanka haruffa bakwai na gwaji. Sun ɗan karkace, ɗaya ya fi sauran kauri. Judith ta ce ba laifi, amma gobe za su fi haka. Sauda ta kasa zubar da su. Ta jera su a faranti ta kai ɗakinta, ta ɗora a kan kwaba inda ba mai gani.

Ran Alhamis ta yi na gaske. Ta gasa, ta bari ya huce, ta shafe shi da bota, ta murza fondan ɗin da numfashinta a riƙe. Ta naɗe shi a jikin sandar murji kamar yadda aka koya mata, ta warware a hankali a kan kek ɗin. Bai yage ba. Ta bi gefe da tafin hannu tana lallashi. Wuri ɗaya ya yi ninki, suka rufe shi da ɗan fure. Sannan ta jera haruffan, ja a kan fari, ta koma baya ta tsaya. Ta daɗe a tsaye.

Judith ta ɗauko waya. "Tsaya in ɗauka. Ɗalibata ta farko."

Sauda ta tare da hannu. "Don Allah a'a."

"Hoto ɗaya kawai."

"Ki sa a waya, matan gidan ga su gani, gobe ya kai Ambursa wurin uwar mijina? A ce na zauna na rubuta? Ki rufa min asiri."

Judith ta mayar da wayar. Suka sa kek ɗin a kwali, Sauda ta bi bakin da salatif zagaye biyu, don kada ko Sunusi ya ɗaga ya gani.

Juma'a da hantsi ta bar Nasrullahi a wurin Judith suka hau babur. Kular kifin na ɗaure a baya, babu komai ciki, don a Argungu yake sayen ƙanƙara. Kwalin na kan cinyarta, ta rufe shi da gefen hijabi. Kowane rami suka faɗa sai ta ɗaga shi sama kamar jariri.

"Wai mi ac ciki, ƙwai?" in ji Sunusi.

"Kek ne. Ka dai bi a hankali."

"Kek! Yau mun zama Turawa."

A Ambursa dole a tsaya, ba a wuce ƙofar uwa. Sunusi ya karɓi kwalin ya ce ta shiga ta gaida tsohuwa, shi zai jira a waje. Tsohuwar ba ta gajeruwar gaisuwa. Ta tambayi Nasuru, ta tambayi zafi, ta yi ƙorafin ƙafarta da ta hana ta zuwa bankwana, ta yi kuka kaɗan a kan Fatakwal. Sannan ta sa aka auno shinkafa 'yar gida, aka ƙulla daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, ta ce a kai wa Ummu Hani. Sauda na durƙushe tana "to, Iya", hankalinta na waje.

Da ta fito da ƙullin a ka, ba kwali a hannun Sunusi.

"Ina yake?"

"Shina cikin kula. Ke riƙe kayan tsohuwa, hannu nawa gare ki?"

"A bushe take?"

"Ni da kaina nig goge ta jiya, har da omo. Hau mu tahi, kada in rasa Juma'a."

Yana murmushi irin na wanda ya ɓoye abin alheri. Ta ga murmushin, ba ta kawo komai ba. Ta hau, ta rungume ƙullin shinkafa.

Sun yi nisa sosai, rana ta take tsaka, kwalta na walƙiya, sai suka faɗa wani rami. A bayanta ta ji wani sauti, cakal. Ta kasa kunne. Wani ramin, cakal.

Ta daki bayansa. "Tsaya! Tsaya!"

Ya gangara gindin wata bishiyar bedi. Kafin ya kafe babur ɗin ta dire, tana jan igiyar kular.

"Lahiya? Mi ya faru?"

Ta ɗaga murfin. Sanyi ya bugi fuskarta. Ya shirya abin yadda yake shirya giwan ruwa mai tsada: ƙanƙara a ƙasa, ƙanƙara a gefe, wani babban gutsure a leda a sama. Rabi ya narke. Kwalin na zaune cikin ruwa, ya jiƙe ya yi duhu, murfinsa ya lotsa ciki.

"Ambursa nis saye ta, wurin Hodi mai ƙanƙara," in ji Sunusi. "Na ga ranar ta yi yawa, nac ce kada wahalarki ta lalace. Ai ko kihi in ba a..."

Bai ƙarasa ba, don ya ga fuskarta.

Ta ciro kwalin ta ajiye a kan sirdi. Ba sai ta ɓare salatif ba, takardar ta rabe da kanta. Farin ya zama kamar koko, yana zamewa ta gefe. Jan ya bi shi ya yi zirara-zirara har ƙasa. Inda haruffan suke sai wasu dunƙule-dunƙule ja. Ta sa yatsa ta ɗago ɗaya, ko za ta iya gyara masa zama, ya narke tsakanin yatsunta.

Sunusi ya leƙo. "Da rubutu a kai?"

Ya dubi ɗigon jan, ya ƙirga su da ido, ya kawar da kai. Ya gane. Ya tsuguna ya kama kansa da hannu biyu.

"Don mi ba ki gaya min ba, Sauda?"

Me za ta gaya masa? Motar albasa ta wuce ta watsa musu iska mai zafi. Ya ce ko su koma. Ta ce a'a. Ta zubar da ruwan kular, ta cire hijabinta na sama ta naɗe abin da ya rage, suka ci gaba.

Gidan Ummu Hani ya zama kango tun kafin a tashi. An kwance gado, an ɗaure katifu, tukwane na cikin buhu. Mata sun cika rumfa ana bankwana, a tsakiyarsu uwar Muhammad Sani, tsohuwa mai carbi da kaifin ido. Sunusi ya sauke ta ya wuce masallaci.

"Amaryarmu ta Birni!" in ji Ummu Hani, ta taso ta rungume ta. "Mi kika ɗauko muna haka kamar gawar kyanwa?"

Sauda ta miƙa saƙon tsohuwa, ta gaida kowa, sannan ta nemi faranti. Da ta warware hijabin matan suka matso.

"Wanga hwa?"

"Kek ne, Yaya. Ruwa ya taɓa shi a hanya."

"Taɓawa? Wanga ai wanka yay yi."

Aka yi dariya. Wata ta ce ko kunun kanwa ne aka ɗora wa burodi. Ummu Hani ta lakata ta kai baki, ta ce wallahi da daɗi, ku bar ganin fuskarshi. Sannan ta ɗaga murya.

"Mansura! Taho ki ga abin da anka kawo miki."

Yarinyar ta fito daga ɗaki da 'yar tsana a hammata. An yi mata kitson tafiya, ƙanana, sun ja mata goshi. Haƙoranta biyu na gaba sun faɗi, abin da ba haka yake ba ranar Sallah. Ta durƙusa ta gaida Sauda a gajarce, ta tsaya a kan farantin.

"Na wa ne?"

"Naki ne," in ji Ummu Hani. "Yau kin cika shekara bakwai, ashe. Ni ma ban riƙe ba, ita tar riƙe."

Yarinyar ta zagaya farantin tana dubawa. "Ba nawa ba ne. Na Faruk da anka kawo makaranta da sunanshi a kai. Wanga ba suna."

"Akwai," in ji Sauda. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa. "Ruwa ya cinye."

"Ke kika rubuta?"

"Ni ce."

Yarinyar ta ɗago ta dube ta ido cikin ido. Idon Sunusi ne, amma tsayuwar ta Sauda ce.

"Mi kika rubuta?"

Wata ta rufe baki da mayafi tana jiran dariya. Carbin tsohuwa ya tsaya. Ummu Hani ta dubi Sauda, ba ta ce ta faɗa ba, ba ta ce kada ta faɗa ba.

Sauda ta tuna wayar Judith. Hoto ɗaya, da yanzu ta miƙa an wuce wurin. Ta haɗa leɓɓanta. Sunan na nan a bayansu, ta yanka shi da hannunta sau biyu, ta san kaurin kowane harafi. Numfashi ɗaya ya rage. Ta ji idon matan a wuyanta, ta ji na uwarta da ke kabari a Augie, ta ji yadda labarin zai riga ta isa Ambursa.

"Sunanki," ta ce.

"Wane?"

Leɓɓan suka ƙi buɗewa.

"Ke, ɗiyag ga, bar ta haka nan," in ji tsohuwa. "Ba a tambayar uwa wanga. Kai, Allah shi yi miki albarka, Sauda. Yaran yanzu sai ki ji suna kwaɗa wa ɗan fari kira a tsakar kasuwa. Wagga ɗiyar mutane ce, an yi mata tarbiyya."

Matan suka amsa, ana ta sa mata albarka. Yarinyar ta ɗaga kafaɗa, ta juya ga Ummu Hani.

"Na gaya miki, Inna. Ba ta sani ba."

Ba da fushi ta faɗa ba. Ta faɗa ne kamar mai ba da labarin abin da an riga an gama. Aka yanka kek ɗin da wuƙar albasa, aka raba wa yaran unguwa. Yarinyar ta karɓi nata, ta ɓare jiƙaƙƙen farin ta yar wa kaji, ta ci cikin a tsaye, ta koma ɗaki wurin kayanta.

Da la'asar aka yi sallama. Sauda ta riƙe hannun yarinyar ta ce, "Allah shi kiyaye hanya." Yarinyar ta ce, "Amin, Anti." Suka kama hanyar komawa. Sunusi bai sayi kifi ba, kular na ta ƙara a baya ba komai ciki.

Suna shiga gida ana kiran magariba. Judith ta fito da Nasrullahi a hannu, bakinta a buɗe da tambaya. Ta ga hijabin da ya rine da ja, ta miƙa yaron kawai ta koma.

Sauda na shiga ɗaki idonta ya faɗa kan kwaba. Ta taka kujera ta sauko da farantin. Haruffan gwaji na nan, su bakwai. Kwana biyu a zafin kwano sun bushe sun yi tauri kamar alli. Sun karkace, ɗaya ya fi sauran kauri, amma ko makaho ya shafa zai karanta. Ta nemo gwangwanin madara ta goge shi sau uku, ta shimfiɗa auduga, ta jera su a ciki, ta rufe.

Ta kai wa Sunusi yana alwala.

"In ka tahi gobe ka ba ta. Hannu da hannu. Ka ce ni na yi."

Ya karɓa bai tambayi abin da ke ciki ba.

"Kada ka sa a kula."

"A aljihuna za shi kwana."

Yana sallame sallar asuba ya tada babur. Ta tsaya a ƙofar gida har ƙarar ta ɓace. Ta share tsakar gida, ta dama koko, ta yi wa Nasrullahi wanka, ta wanke hijabin, jan ya ƙi fita. Duk babur ɗin da ya shigo layi sai ta ɗago kai.

Rana ta yi sama sosai kafin ya dawo. Ta ji ya kashe injin tun daga bakin layi, ya turo shi da hannu. Ya shigo ya tsaya a ƙofar ɗaki, ya sa hannu a aljihun gaba.

"Direban ya ce zahi za shi yi yawa. Tun kahin kiran sallah sunka tashi. Na bi su har mararraba, ko ƙurarsu ban gani ba."

Ya ajiye gwangwanin a kan tabarma. Ya ɗumama da zafin ƙirjinsa.

"Muna iya kiran waya," ya ce. "In sun sauka sai a ba ta, ki yi mata magana."

"In ce mi?"

Ya fita ya fara kwance kular.

Ta buɗe gwangwanin. Hanya ta girgiza su, biyu sun karye. Ta zazzage su a cinyarta ta haɗa karyayyun baki da baki, ta jera su daidai. Nasrullahi ya taho da gudu ya miƙa hannu zai ɗauka, ta riƙe hannun.

"Bari. Ba naka ba ne."

"Na wa?"

"Na ta Argungu," ta ce. Sai ta tuna ba ta Argungu kuma.

Ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ta rufe, ta ɗaga zannuwan akwati ta ajiye gwangwanin a kan katin asibiti.